Allo a Zangon Akra: Makarantar da Ba Ta Tambayar Takardar Haihuwa

Babban titin Kanda ya tsaga tsakiyar Akra gida biyu. Ta wannan gefe rukunin gidajen Kanda ne, masu katanga da inuwar itatuwa. Ta wancan gefe kuwa Nima ce da Maamobi, inda kwanon rufi ya haɗe da kwanon rufi, lungu ya shige cikin lungu, har akwai hanyoyin da mutum biyu ba sa iya gittawa sai ɗaya ya karkace. A bakin titin ne Babban Masallacin Ƙasa ya tsaya da hasumiyoyinsa huɗu, gini irin na Istambul da Turkawa suka ɗauki nauyinsa, mai cin masallata 15,000. An buɗe shi a watan Yulin 2021, Shugaba Nana Akufo-Addo yana wurin, haka ma Mohamed Bazoum, shugaban Nijar na lokacin.

Masu wucewa cikin motocin haya na trotro hasumiya suke kallo. Karatun da ya riƙe zango kuwa yana can ciki, a zauruka, a barandar ƙananan masallatai, a ɗakunan katako da aka ɗora bisa wasu ɗakunan. Da la'asar ta yi, ko safiyar Asabar da Lahadi, muryoyin yara ne ke tashi daga kowace kusurwa, wannan yana Fatiha, wancan ya kai Amma, malam yana gyara wa na gaba yana hararar na baya.

Nima kanta makiyaya ce tun asali. A 1931 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu kuma malami, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao domin garken da aka koro daga arewa ya huta, ya yi kiwo, kafin a shigar da shi kasuwar Akra. Makiyaya suka sauka, almajirai suka biyo malam, baƙi suka biyo almajirai. Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo leburori da tsofaffin sojoji, unguwa ta cika ta batse tun kafin hukumar birni ta saka ta cikin lissafinta a farkon shekarun 1950.

Yau babu ciyawar da saniya za ta ci a Nima, amma 'ya'yan matafiya ba su daina zuwa ba: ɗan makiyayin da yake tsaron shanun wani a filayen bayan Ashaiman, yarinyar da ta baro ƙasar Dagomba ko Mamprusi ta zo ɗaukar kaya a kasuwa, yaron da uwarsa ta ɗauko daga Nijar bayan damina ta yi gardama. Ga irin waɗannan, makarantar malam ce ƙofar farko, sau da yawa kuma ita ce ta ƙarshe. Ba ta tambayar takardar haihuwa, ba ta neman rigar makaranta, ba ta cewa a dawo farkon shekarar karatu. Gana ta yi abin da ƙasashe da dama suka kasa, ta shiga cikin wannan makaranta da malamanta da littattafanta maimakon ta rufe ta. Sai dai wannan sulhu ya fi amfanar yaron da ya riga ya zauna wuri ɗaya. Wanda yake kan hanya har yanzu bai samu gurbi a ciki ba.

Goro ya tafi, allo ya zo

Karatu ya shigo wannan ƙasa ne a bayan jaki. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ba ya tafiya sai da malami, wanda zai duba ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya koya wa yaran ayari baƙi da wasali a duk inda aka yada zango. Salaga ce babbar matattara, har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta. Mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi, Yeji da bakin teku, kowa da allonsa.

A cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya zama limaminta har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami, kuma ɗalibansa sun buɗe makarantu a zanguna da yawa na ƙasar. Idan aka bi salsalar karatun malamai da dama na kudancin Gana, sai ta tuƙe a zaurensa.

A Akra kuwa Malam Nenu, mutumin Katsina, shi ya kafa zangon farko na Hausawa a ƙarshen ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo kuma ya fita ya sari Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919, ɗan wannan tsari ne: ya fara karatu a gida, aka tura shi Kumasi wurin Malam Abdullahi Ɗan Tano, ya dawo ya shimfiɗa buzu ya karantar da wasu. Ya hau limancin ƙasa a 1993, daga baya kuma aka kafa asusun tallafin karatu da sunansa, wanda yake biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin makarantar boko. Tsakanin buzun da asusun akwai tarihin shekaru kusan ɗari na gardama kan abin da ya kamata ɗan zango ya koya.

Malam, ga amana

Baƙon da ya sauka a Nima ba ofishin gwamnati yake nema ba, maigida yake nema. Bazabarme yana da sarkinsa, haka Bafulatani, haka Mosi, Kotokoli, Wangara, Dagomba da Busanga. Maigida ne zai ba shi kwana, ya nuna masa inda ake samun aiki, ya kuma nuna masa malamin da zai kai ɗansa. Bikin shiga makaranta bai wuce gaisuwa da 'yar sadaka ba. Uba ya durƙusa ya ce, "Malam, ga amana." Malam ya ce, "Allah Ya ba mu ikon riƙewa." Shi ke nan yaro ya zama ɗalibi.

A tsohon tsari ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Yanzu da yawancin yara suke tafiya makarantar gwamnati daga Litinin zuwa Juma'a, makarantu da yawa sun koma na yamma da na ƙarshen mako. Allon katako yana nan a wasu wurare, amma benci da allon bango da Ƙa'ida Bagadadiyya sun fi yawa. Daga nan sai izu bayan izu har sauka, a yi walima, a dafa shinkafa, a yi wa mai sauka ado. Wanda ya zarce zai kama Ahalari, Ishmawi, Iziyya, har Risala.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan da almajirancin da aka sani a Kano ko Damagaram. Galibin ɗaliban Akra a gida suke kwana, ko gidan wani ɗan uwa, ko gidan maigidan ubansu. Yawo da kwano ƙofa ƙofa bai zama sharaɗin karatu ba. Wannan ya rage wa yaro wulaƙanci, amma ya bar malam da nauyin neman abin da zai ci. Kuɗin Laraba 'yan sidi ne, kuma wanda bai kawo ba da wuya a kore shi. Saboda haka malam tela ne da safe, ko mai shago, ko mai jiran a kira shi raɗin suna da addu'ar bakwai. Keith Hart, Baturen Ingila da ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960, ya yi suna a duniya da rubutunsa na 1973 kan yadda talakan birni yake rayuwa ba albashi ba rajista. Makarantar malam tana cikin wannan tattalin arzikin tsundum.

Raunin tsarin ba ɓoyayye ba ne ga masu shi. Ɗaki ɗaya, yara birjik, malami ɗaya da bulala. Wani wurin babu makewayi, babu tagar kirki. Mafi ciwo shi ne takarda: yaro ya yi shekara goma yana karatu, ya iya Larabci, amma ba shi da shaidar da ma'aikata ko kamfani za su duba. Ko waɗanda suka samu tafiya Madina da Azhar suka dawo da digiri, da yawa sun tarar ba a ɗaukar mai digirin da ba ya jin Turanci.

Yadda aka kai ga sulhun 1987

Ƙyamar boko a zango tana da dalili, don ruwa ba ya tsami banza. A zamanin Turawa kusan duk makarantun kudancin ƙasar na mishan ne, Basel, Wesley da Katolika. Uban da ya kai Musa yana tsoron a dawo masa da Moses. 'Yan Ahmadiyya, waɗanda suka kafu a Saltpond a 1921, su ne suka fara haɗa addini da boko, har suka buɗe sakandare a Kumasi a 1950, amma yawancin malaman zango ba su yarda da aƙidarsu ba, don haka ba su bi sawunsu ba. Tsoron bai mutu gaba ɗaya ba ko a yau. A azumin 2021 ƙasar ta ɗauki zafi lokacin da makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi, Hukumar Ilimi ta ce a bar ta, cocin Methodist ya ce bai yarda ba.

Abin da ya girgiza zango ya sa aka sake tunani shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Gana ba su san wata ƙasa ba. Gidaje da shaguna suka tafi a banza. Waɗanda suka rage sun ga abin da rashin takarda da rashin wakili a ofis yake jawowa.

A daidai wannan lokaci sababbin malamai suna dawowa daga ƙasashen Larabawa da wani salon. Alhaji Umar Ibrahim Imam, wanda ya kammala a Jami'ar Madina a 1968, ya kafa cibiyar karatun Musulunci a Nima mai aji aji da jarrabawa. A Tamale kuma makarantar Anbariyya ta Afa Ajura ta riga ta yi ƙarfi. A farkon shekarun 1970, zamanin gwamnatin Acheampong, jami'an ilimi suka lallashi wasu masu makarantu a Tamale su karɓi malaman Turanci da lissafi da gwamnati za ta biya. Daga nan aka samu makarantun da ake kira na Turanci da Larabci. A 1987 gwamnatin Rawlings ta mayar da abin hukuma, ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, da hedikwata a Tamale, daidai da sassan da cocin Katolika, Methodist da Presbyterian suke da su.

Yarjejeniyar mai sauƙin faɗa ce. Makaranta tana nan a hannun mai ita, da sunanta da masallacinta. Gwamnati tana turo ƙwararrun malamai, ta biya su, ta kawo manhajar ƙasa da littattafai. Ana ware sa'o'in Larabci, Alƙur'ani da fiƙihu a cikin jadawali. Yarinya tana zuwa da hijabinta, a tashi a yi azahar, ranar Juma'a a tashi da wuri. A ƙarshe ɗalibi ya zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare tare da kowa. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 makarantun da ke ƙarƙashin sashen sun haura 1,400, da ɗalibai sama da 200,000.

Wasu matakan suka biyo baya suka sauƙaƙa wa talaka. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta ilimin farko kyauta. A 2005 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati aka kuma fara ciyar da ɗalibai. A watan Satumban 2017 babbar sakandare ta zama kyauta. Likitoci, lauyoyi da 'yan jarida 'yan Nima da ake gani yau, da yawansu ta wannan hanyar mai ƙafa biyu suka biyo.

Waɗanda ba su cikin rajista

Duk wannan an gina shi ne a kan zato guda: yaro yana da adireshi, kuma zai kasance a wuri ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Akwai yara iri uku da wannan zato bai hau kansu ba.

Na farko ɗan makiyayi. A filayen Akra, wajen Afienya da Dodowa da bayan kasuwar shanu ta Tulaku, Fulani da yawa shanun wasu suke kiwo, ladansu nono. Matansu ne suke kawo wagashi da nonon fura kasuwar Nima ranar Laraba. Yaron ruga yana fita da garke tun hantsi, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, wato daidai sa'o'in da ake aji. Ga nisa, ga gorin "baƙo" daga sauran yara, ga rikicin manoma da makiyaya irin na Agogo wanda kan sa iyali su tashi dare ɗaya. Dokar Gana ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa don an haife shi a ƙasar kawai, sai ta hanyar iyaye ko kakanni, kuma ƙungiyoyin Fulani irin su Tabital Pulaaku sun sha kokawa cewa ana hana 'ya'yansu katin ɗan ƙasa ko da kakanninsu a nan aka binne su. Abin da uba yake iya yi shi ne ya zaɓi ɗa guda ya aika shi birni wurin malami, sauran su bi shanu.

Ta biyu ita ce kayayo, yarinyar arewa mai ɗaukar kaya da tasa a kasuwannin Agbogbloshie, Makola, Madina da Nima. Ta zo ne ta tara kuɗin kayan ɗaki ko na koyon ɗinki, ta koma gida lokacin girbin gyaɗa ko tsintar kaɗanya. Kwananta a baranda ko a ɗakin haya da ake biya kullum. Idan tana da goyo, a bayanta yake girma. Karatun da take samu, in ta samu, shi ne na dare a wani masallaci.

Na uku su ne yaran da ke tsaye a fitilun kan titi suna riƙe hannun masu wucewa. Tun farin 1973 da na 1984, waɗanda suka ƙarar da dabbobin Buzaye da Fulani a Sahel, biranen bakin teku suka saba ganin iyalan da suka rasa garke. Yanzu abin ya zama zirga-zirga ta shekara shekara, har da masu safarar yara a ciki. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta daga titunan Dakar, yawancinsu daga Kance da Magarya a jihar Damagaram, kuma a shekarar aka kwaso wasu daga Akra. A watan Mayun 2025 Hukumar Shige da Fice ta Gana ta yi samame a wurare irin su Sabon Zango, Nima da Abossey Okai, ta tattara mutum 2,241, cikinsu yara 1,332, mafi yawansu 'yan Nijar, ta fara mayar da su gida. Mota tana iya kai yaro iyaka. Ba ta koya masa karatu, kuma dalilin da ya fito da uwarsa yana nan yana jiranta.

Daga tsaunukan Tibet

Wannan matsala ba ta zango kaɗai ba ce. A tudun Tibet, inda ƙasa ta haura mita 4,000 sama da teku, makiyaya suna yawo da tantuna da shanun yak masu dogon gashi. Ɗaruruwan shekaru, gidan ibadar Buddha ne kawai makarantar ɗan talaka a can. Iyali kan miƙa ɗa guda, a aske masa kai, a ba shi jan mayafi, a ciyar da shi, ya koyi karatu da rubutun Tibet, da hadda, da muhawara, wani har da maganin gargajiya. Bahaushen da ya san tsangaya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A 1994 wani malamin Buddha mai suna Jigme Gyaltsen ya buɗe makaranta kusa da gidan ibadar Ragya, a yankin Golog na lardin Qinghai, ƙasar makiyaya zalla. Ya haɗa karatun gargajiya da harshen Sin, Turanci, kwamfuta da sana'a, ya karɓi 'ya'yan makiyaya har da waɗanda suka wuce shekarun shiga aji ɗaya. Shi ma sulhu ne irin na Turanci da Larabci. A watan Yulin 2024 hukumomi suka rufe makarantar bayan shekara talatin. Kafin nan, a watan Fabrairun 2023, wasu ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce yaran Tibet kusan miliyan ɗaya suna makarantun kwana na gwamnati inda harshen Sin ne kusan komai, abin da suka ce yana raba yara da harshensu da al'adarsu. Gwamnatin Sin ta musanta, ta ce jama'ar yankin a warwatse suke, makarantar kwana ce hanyar da za a kai ilimi ga kowa, kuma ba tilas ake yi ba.

Tambayar da ke gaban Beijing ita ce ke gaban Akra, Abuja da Yamai: yaya za a yi da makarantar addinin da talaka ya amince da ita? Sin ta zaɓi ta ɗauke yaron daga cikinta. Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989 da hedikwata a Kaduna, sannan gwamnatin Jonathan ta gina makarantun almajirai 157, ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu kuma suka zama kufai saboda an gina su ba tare da alarammomi sun ji nasu ne ba. Gana ta bar makaranta a hannun mai ita ta kai masa malami. A cikin hanyoyin uku, ta Gana ce ta fi araha, ita ce kuma iyaye suka fi sakin jiki da ita.

Ɓangaren mata

A Tibet ma mace ce a baya. Sai a watan Disambar 2016 ne mata ashirin masu zaman ibada, waɗanda ke gudun hijira a Indiya da Nepal, suka karɓi digirin geshema, mafi girma a falsafar mazhabarsu, wanda a da maza kaɗai ake ba. A zango kuwa tsohuwar al'ada ita ce yarinya ta iya surorin salla, ta ɗauki tallan koko da ƙosai ko na wake da shinkafa, sai aure.

Canji ya zo ta ƙofofi da yawa. Matan aure da tsofaffi sun cika makarantun safe da na dare, malamai mata suna karantar da su, abin da zai tuna wa mutumin Sakkwato 'Yan Taru na Nana Asma'u. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Gana, FOMWAG, ta sa karatun 'ya mace a gaba tun shekarun 1990. A 2011 aka kafa ƙungiyar Achievers a Nima, wadda ta fara a matsayin kulob ɗin karatu na 'yan mata, tana nema musu kuɗin makaranta tana shiga tsakani idan za a yi wa yarinya auren dole. Regina Honu, ƙwararriyar kwamfuta, ta shigo da shirinta na Tech Needs Girls ta koya wa 'yan matan Nima rubuta manhaja. A gefen titin Kanda kuma akwai laburaren yara na Nima da Maamobi, wanda asusun Kathy Knowles 'yar Kanada ya gina a ƙarshen shekarun 1990, inda yaron da ba shi da tebur a gida yake samun wurin zama da littafi, manya kuma suke koyon yaƙi da jahilci.

Kusan duk waɗannan sun yi nasara ne saboda sun fara da gaishe da liman da sarkin unguwa. Shirin da ya tsallake su a zango ba ya daɗewa.

Albashin malam da harshen yaro

Gurguwar ƙafar sulhun 1987 ita ce malamin Larabci. A makaranta guda, mai koyar da lissafi yana karɓar albashin gwamnati da fansho, mai koyar da Alƙur'ani a ajin da ke kusa yana jiran abin da mai makaranta ya tara daga iyaye. Gwamnatoci sun sha ɗaukar malaman Larabci a kan alawus, har 3,000 a ƙarƙashin hukumar samar wa matasa aiki a zamanin Akufo-Addo, amma kwantiragi ne mai ƙarewa, kuma kukan jinkirin biya ba ya yankewa. Kowane zaɓe sai maganar ta dawo kan dandamali, domin Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na jama'ar Gana a ƙidayar 2021, kuma ƙuri'ar zango tana da nauyi. A 2017 aka kafa Ma'aikatar Raya Zango da Asusun Raya Zango. Asusun ya gina azuzuwa, ya tura ɗalibai 40 karatun likita a Kyuba. Ma'aikatar kuwa ba ta wuce 2021 ba.

Akwai ci gaban da ba a musu a kansa. Kwalejin horon malamai ta Al-Faruq da ke Wenchi ta shiga hannun gwamnati, tana yaye malaman da suka haɗa Larabci da takardar koyarwa. A 2024 Larabci ya shiga jarrabawar BECE a karon farko, ga ɗaliban da suka zaɓa. Abin da yaro ya koya a gaban malam ya fara zama maki a takardar ƙasa. Amma sai wanda ya kai aji uku na ƙaramar sakandare yake zama wannan jarrabawa.

Sai batun harshe. Hausa ce harshen kasuwa, masallaci da filin ƙwallo a Nima, ko ga wanda iyayensa Kotokoli ne ko Mosi, kuma gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Duk da haka ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantu. Ɗan Nima yana shiga aji ɗaya ya tarar da Turanci, ya tarar da Ga ko Twi, babu ko ɗaya da yake mafarki da shi. Ɗan ruga mai Fulatanci ya fi shi nisa.

Maganin da ya dace da yaro mai tafiya kuwa Gana ta riga ta gwada shi a arewa. Tun 1995 shirin School for Life yake tara yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da ba su taɓa shiga aji ba, 25 a kowane rukuni, ana koya musu karatu da lissafi da harshen uwa, sa'o'i uku da yamma bayan an dawo daga gona ko kiwo, na tsawon wata tara, sannan a miƙa su firamare. Mai koyarwar ɗan garin ne, jama'a ne suke zaɓar sa, su ne kuma suke tsayar da lokacin aji. A Bawku ƙungiyar ActionAid ta yi makarantun 'yan kiwo a kan irin wannan tsari. Gwamnati ta karɓi salon tsakanin 2013 da 2018, yara sama da 200,000 suka amfana, a 2020 kuma aka yi dokar kafa hukuma ta musamman domin irin wannan ilimi.

An tsara shirin ne da ƙauyen arewa a rai, amma abubuwan da yake buƙata suna nan a Nima, Maamobi, Sabon Zango da Ashaiman: ɗakin da babu kowa cikinsa a wasu sa'o'i, malamin da iyaye suka yarda da shi, harshen da yara suke ji, da jerin sunayen da babu a kowane ofis sai a kan malam, wanda ya san ɗan wane ne ya zo da rani, ɗan wane ne ya tafi da damina. Abin da ya rage aikin hukuma ne: littattafan wata tara da Hausa da Fulatanci, alawus mai zuwa a kan kari, jami'in rajistar haihuwa da zai zo har zaure, da umarni ga shugabannin firamare na gundumomin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, inda Nima da Maamobi suke, cewa su karɓi yaron da ya gama wata taransa ko da a tsakiyar shekara ya zo.